MAKAHO DA ABOKINSA DA SUKA HANA MAHUKUNTAN MASAR BARCI

Daga Wakilinmu

Ran 17 ga watan Janairu na shekarar 1977, Mataimakin Firayim Ministan Masar mai kula da harkokin tattalin arziki, Dokta Abdul Mun'im al-Ƙaisuni, ya miƙe a gaban Majalisar Dokokin ƙasar a Alƙahira ya karanta bayanin kasafin kuɗi. A cikin bayanin nan ne ya sanar da cewa Gwamnati ta janye wani kashi na rangwamen da take yi wa jama'a a kan kayan masarufi, watau garin alkama da burodi da shinkafa da sukari da gas ɗin girki da man fetur da taba. Gari na wayewa ma'aikatan masaƙu da na masana'antun ƙarfe na Hilwan suka ajiye aiki suka doshi tsakiyar birni, takwarorinsu na Iskandariya suka bi sahu, ɗaliban jami'o'i suka fito suka tarye su a kan hanya. Kafin faɗuwar rana ta biyu wutar ta kama tun daga Iskandariya a bakin Bahar Rum har Aswan can kudu.

Mutum kusan 80 suka rasa rayukansu bisa ga lissafin Gwamnati, ɗaruruwa suka ji rauni, aka kama fiye da dubu. Sai da aka fito da soja aka kafa dokar hana fita, aka kuma soke ƙarin farashin baki ɗaya, sa'an nan ƙura ta lafa. Shugaba Anwar Sadat ya kira abin da ya faru "tawayen ɓarayi", ya ɗora alhakinsa a kan 'yan gurguzu. To, amma akwai wasu mutum biyu da 'yan sandan ciki suka daɗe da sa wa ido, ga shi kuwa ba su da jam'iyya, ba su da jarida, ba su da ko wuƙa. Ɗaya makaho ne mai shekara 58 da ke kaɗa garayar Larabawa da ake kira udu, ɗayan kuma tsohon fursuna ne mai yawo da jallabiya yana shirya waƙa da harshen 'yan kasuwa. Su ne Shaikh Imam da Ahmad Fu'ad Najm.

GURASA ITA CE RAI

Kafin mai karatu ya gane dalilin da ya sa ƙarin 'yan kwabbai ya girgiza ƙasa mai mutum kusan miliyan 38 a wancan zamani, sai ya san matsayin gurasa a wurin Bamisre. Yawancin Larabawa "khubz" suke ce wa burodi, amma mutumin Masar "aish" yake cewa, watau rayuwa. Gurasar da talaka ke ci, "aish baladi", faffaɗa ce, ta yi kama da gurasar Kano, da ita ake cin dafaffen wake da ƙosan da suke kira ta'amiya, safe da rana da dare. Gidan da babu nama ana iya haƙuri a cikinsa shekara guda, gidan da babu gurasa kuwa ba a kwana biyu.

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta fara sa hannu cikin farashin abinci a Masar. Bayan da hafsoshin soja suka tumɓuke Sarki Faruƙ a watan Yuli na 1952, sai Jamal Abdul Nasir ya ƙulla wani alkawari da talakawa wanda ba a rubuta a takarda ba, amma kowa ya san da shi. Gwamnati za ta raba wa manoma gonakin manyan attajirai, ta ba da ilimi kyauta har jami'a, ta ɗauki duk wanda ya sami digiri aiki, ta riƙe farashin abinci. Su kuma jama'a su bar wa hafsoshi siyasa. Aka rushe jam'iyyu, aka mai da jaridu hannun hukuma a 1960, rediyo kuwa dama nata ne. Muddin ciki ya cika, kuma ana ganin Masar ita ce jagorar Larabawa, mutane da yawa sun ɗauki wannan ciniki a kan riba.

ALMAJIRI DA MARAYA

An haifi Imam Muhammad Ahmad Isa a 1918 a ƙauyen Abun Numrus, kusa da Giza. Ciwon ido ya makantar da shi tun yana jariri. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, aka kai shi Alƙahira hannun wata ƙungiyar addini mai tsanani, al-Jam'iyya al-Shar'iyya. Can aka kore shi, laifinsa kuwa shi ne an same shi yana sauraron rediyo, ko da yake abin da yake saurare karatun Alƙur'ani ne na Shaikh Muhammad Rif'at. Daga nan ya koyi kiɗa da waƙa wurin Shaikh Darwish al-Hariri, ya kuma yi zama da Zakariyya Ahmad, wanda ke shirya wa Ummu Kulsum sauti. Ya kai shekara 40 da haihuwa yana cin abinci da karatu a gidajen makoki da waƙa a wuraren biki, ba wanda ya san shi bayan unguwarsu.

Shi kuwa Najm a 1929 aka haife shi a lardin Sharƙiyya. Mahaifinsa ɗan sanda ne, ya rasu yana ɗan shekara 6, aka kai shi gidan marayu a Zaƙaziƙ. Ya yi leburanci a barikin sojan Ingila a yankin mashigin Suwez, ya yi ƙananan ayyuka iri iri, har a 1959 aka ɗaure shi shekara 3 saboda jabun takardu. A kurkukun nan ya haɗu da fursunonin siyasa, a nan kuma ya shirya littafin waƙoƙinsa na farko, wanda ya ci gasar da majalisar adabi ta Gwamnati ta shirya alhali marubucin yana tsare. Da ya fito a 1962 wani ya kai shi wani lungu da ake kira Haush Ƙadam, a tsohon birnin Alƙahira, ba nisa da Masallacin Azhar inda ɗalibanmu da yawa suka yi karatu. A wani ɗan ɗaki a can ya sadu da Shaikh Imam. Najm ya shirya baiti, Shaikh ya sa masa sauti ya rera, wani abokinsu mai zane, Muhammad Ali, yana riƙe musu kiɗa yana kuma yi wa Shaikh jagora.

Larabci iri biyu ne a Masar, kamar sauran ƙasashen Larabawa. Akwai fusha, na littafi da huɗuba da jawabin Shugaban Ƙasa, akwai kuma ammiyya, na gida da kasuwa. Najm ya zaɓi na kasuwa, a ƙasar da fiye da rabin mutanenta a lokacin ba su iya karatu ba. Ba shi ne farau ba. Abdullahi al-Nadim ya yi haka zamanin tawayen Urabi a 1881, Bairam al-Tunisi ya yi haka har aka kore shi daga ƙasar saboda habaicin da ya yi wa gidan sarauta, Sayyid Darwish kuma ya rera wa 'yan dako da ma'aikata waƙa lokacin boren 1919 na ƙin mulkin Ingilishi. Abin da mutanen Haush Ƙadam suka ƙara shi ne sun juya bakin waƙa kan Gwamnatin 'yan ƙasa, wadda ke kiran kanta Gwamnatin talakawa.

KAYE NA 1967

Cikin kwana 6 na watan Yuni 1967 Isra'ila ta ragargaza jiragen yaƙin Masar tun suna ƙasa, ta mamaye yankin Sina'i baki ɗaya. Rediyon Alƙahira ya yi ta shelar nasara a kwanakin farko, sai daga baya mutane suka ji gaskiya. Manyan mawaƙan ƙasar, waɗanda suka shekara 15 suna yabon juyin mulki, suka rasa ta cewa. Najm kuwa sai ya shirya waƙa yana yi wa hafsoshi barka da dawowa daga fagen fama lafiya lau da tumbinsu, ya kuma shirya wata, "Baƙarat Haha", inda ya kwatanta Masar da saniyar da baƙi ke tatsa masu gida suna barci. Waƙoƙin suka fita daga lungu suka shiga jami'a.

A watan Fabrairu na 1968 kotun soja ta yanke wa shugabannin mayaƙan sama hukuncin da jama'a suka ga bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatan Hilwan suka fito, ɗalibai suka bi su, wannan kuwa ita ce babbar zanga-zanga ta farko da aka yi wa Nasir tun 1954. Hukuma ta fara gwada lallashi, ta buɗe wa Shaikh Imam ƙofar rediyo na ɗan lokaci da fatan ya sassauta. Da aka ga bai sassauta ba sai aka rufe ƙofar, a 1969 aka tsare su su biyu, ba su shaƙi iskar waje ba sai a 1971, bayan rasuwar Nasir.

Sadat ya yi alkawarin cewa 1971 ita ce shekarar da za a yi ta ta ƙare da Isra'ila. Shekara ta wuce shiru, sai ya fito a Janairun 1972 ya ce "hazo" ne ya hana, yana nufin yaƙin Indiya da Pakistan. Ɗaliban Jami'ar Alƙahira suka mamaye babban zauren taro, suka cika bango da jaridun da suka rubuta da hannu. Da 'yan sanda suka afka musu ran 24 ga wata, sai sauran suka kwarara Dandalin Tahrir suka zauna har dare. Waƙoƙin Shaikh Imam suka rera a wurin, shi da abokinsa kuma suka sake komawa kurkuku.

A shekarun nan ne rakoda mai cin kaset ta fara yawa a gidaje, musamman da ma'aikatan Masar suka riƙa dawowa da ita daga ƙasashen man fetur. Ɗalibi ya zo Haush Ƙadam ya ajiye rakodarsa a gaban Shaikh, ya naɗa, gobe a kwafa goma, jibi ɗari. Ana jin tari da dariya da ƙarar kofin shayi a cikin kaset ɗin. Ba kamfani, ba kanti, saboda haka babu inda 'yan sanda za su je su rufe. Ta haka muryar da aka hana a rediyon Masar ta kai Bairut da Tunis da sansanonin Falasɗinawa.

BUƊE ƘOFA

Bayan yaƙin Oktoba na 1973, wanda sojan Masar suka tsallake mashigin Suwez, Sadat ya juya wa Rasha baya ya fuskanci Amurka. A 1974 ya kafa manufar "infitah", watau buɗe ƙofa ga jarin waje. Kantuna suka cika da kayan Turai, dillalai da masu lasin ɗin shigo da kaya suka kuɗance dare ɗaya, har mutane suka laƙaba musu sunan kyanwoyi masu ƙiba. Malamin makaranta da akawu kuwa albashinsu na nan inda yake, farashi yana ta gudu. Da Shugaba Nixon na Amurka ya kawo ziyara a watan Yuni 1974, abin kunyar Watergate na wuyansa, aka yi masa gagarumar tarba, su Najm suka yi masa tasu maraba ta habaici. Haka suka yi wa Shugaban Faransa Giscard d'Estaing a 1975, suna yi wa masu cewa zuwansa zai kawo arziki dariya.

A ɓangaren Gwamnati kuma lissafi ya ƙi daidaita. Masar tana sayo yawancin alkamarta daga waje, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya daga 1973, ga bashin yaƙi, ga kuɗin soja. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka ce ba rance sai an rage rangwame. Ministoci suka ga ba makawa. Kuskurensu shi ne sun zaci za a iya warware alkawarin shekara 25 da jawabi guda, ba shiri ba shawara, a gaban mutanen da aka yi ta gaya wa cewa wadata na nan tafe bayan yaƙi.

Abin da masu zanga-zanga suka zaɓa suka kai wa hari ya nuna inda ke musu ƙaiƙayi. Sun ƙona ofisoshin 'yan sanda da na jam'iyyar Gwamnati, sun farfasa manyan motoci da gidajen rawa na Hanyar Dala inda sababbin attajirai ke kashe dare. Kirarin da suke yi a titi da ammiyya ne, mai amsa-amo, yana kwatanta kwalliyar Shugaba da halin mutum goma da ke kwana ɗaki guda, yana tambayar Kakakin Majalisa Sayyid Mar'i ko ya san kuɗin nama. Sadat yana hutawa a Aswan lokacin, sai da aka ɗauke shi cikin gaggawa.

To, shin waƙa ce ta tayar da tarzomar? Kotun Masar da kanta ta ba da amsa. Da aka gurfanar da mutum 176 bisa zargin shirya makirci, sai alƙalai suka sallami mafi yawansu a 1980, suka ce ƙarin farashi da ƙuncin rayuwa ne suka fito da mutane. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da waƙa ta yi shi ne, shekara 10 tana koya wa jama'a yi wa mai mulki dariya, tana ba su kalmomin da za su faɗi abin da ke cikinsu. Wanda ka saba yi wa dariya a ɗaki kuwa, ranar da ka gamu da shi a titi tsoronsa ya riga ya ragu.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Talakawa sun ci nasarar farashi, amma ba su da ƙungiyar da za ta riƙe nasarar. A watan Fabrairu na 1977 Sadat ya shirya ƙuri'ar raba gardama ya kafa dokar ɗaurin rai da rai ga masu yajin aiki da zanga-zanga, aka ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince. Ƙasashen Larabawa masu man fetur da Amurka suka kawo ɗauki da kuɗi da alkama. A watan Nuwamba na shekarar ya tafi Ƙudus, masana tarihi da dama kuwa suna ganin tsoron da ya ji a Janairu yana cikin abin da ya hanzarta shi neman sulhu. A cikin watan nan ne Najm ya tsaya a Jami'ar Ain Shams ya karanta wata waƙa yana kwaikwayon muryar Sadat da in'inarsa. Kotun soja ta ɗaure shi shekara 1 a 1978, ya ɓuya, sai a 1981 aka kama shi. An ƙiyasta cewa zamansa na kurkuku duka ya kai shekara 18.

Daɗin daɗawa, domin ya karya 'yan gurguzu da mabiya Nasir a jami'o'i, Sadat ya sakar wa ƙungiyoyin ɗalibai masu ra'ayin addini mara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 su ke riƙe da yawancin majalisun ɗalibai, suka shiga hana kiɗa da wasan kwaikwayo a harabar makaranta. Zaurukan da suka saba karɓar Shaikh Imam suka rufe. Daga baya maganin ya zama cuta. A watan Satumba na 1981 Sadat ya kama mutum fiye da 1,500 daga kowane ɓangare, ran 6 ga Oktoba kuma wasu sojoji 'yan ƙungiyar Jihad suka harbe shi a filin fareti.

Masar ba ita kaɗai ta ga irin wannan ba. An yi boren abinci a Kasablanka ta Maroko a 1981, a Tunisiya daga ƙarshen 1983 zuwa farkon 1984 inda Shugaba Burgiba ya soke ƙarin da bakinsa, a Aljeriya a 1988, a Jodan a 1989. A Sudan ƙarin farashi ya share hanyar faɗuwar Ja'afar Numairi a 1985, kamar yadda tsadar burodi a garin Atbara a Disambar 2018 ta zama mafarin ƙarshen Umar al-Bashir.

Husni Mubarak ya ɗauki darasi. Maimakon shela, sai ya bi a hankali, a rage nauyin gurasa yau, gobe a fito da wata mai ɗan kyau a sabon farashi, tsohuwar ta ɓace daga kasuwa. Ta haka aka kai ta ƙirshi 5 a ƙarshen shekarun 1980, ƙirshi 100 kuwa shi ne fam guda na Masar. Su Shaikh Imam aka ba su izinin fita a 1984, suka cika zauruka a Faransa da ƙasashen Larabawa. Ba a daɗe da dawowa ba saɓani ya shiga tsakaninsu suka rabu, bayan zaman shekara fiye da 20. Shaikh ya koma ɗakinsa na Haush Ƙadam, ya rasu ran 7 ga Yuni 1995, talaka kamar yadda ya zo.

TAHRIR DA BAYANTA

A 2008 gurasa ta yi ƙaranci har aka rasa rayuka a layin gidajen burodi, Mubarak ya umarci soja su shiga gashi. Ran 6 ga Afrilu na shekarar garin Mahalla al-Kubra, cibiyar masaƙun ƙasar, ya yi bore aka tattake hoton Shugaba. Matasan da suka goyi bayan ma'aikatan ta hanyar Facebook suna cikin waɗanda suka kira zanga-zangar 25 ga Janairu 2011, kalmar farko a kirarinta kuwa ita ce "aish", kafin 'yanci da adalci. Samarin da ba a haife su ba a 1977 suka rera waƙoƙin Shaikh Imam a Tahrir. Najm, yana da shekara 81, ya zo dandalin da ƙafarsa, 'yarsa Nawwara tana cikin fitattun masu magana da yawun matasa. Bayan kwana 18 da asarar rayuka fiye da 800, Mubarak ya sauka ran 11 ga Fabrairu.

Murnar ba ta daɗe ba. Aka zaɓi Muhammad Mursi a 2012, soja suka kifar da shi ran 3 ga Yuli 2013, aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'a a watan Agusta, a Nuwamba kuma aka kafa dokar da ta hana zanga-zanga sai da sanin 'yan sanda. 'Yan kwanaki bayan haka, ran 3 ga Disamba, Najm ya rasu yana da shekara 84. Waɗanda suka gaje shi sun ɗanɗana abin da ya ɗanɗana, har da ƙari. Rami Isam, mawaƙin Tahrir, ya bar ƙasar a 2014. A 2018 aka kama Jalal al-Buhairi, wanda ya rubuta masa wata waƙar habaici, kotun soja ta ɗaure shi. Shadi Habash, saurayin da ya shirya hoton waƙar, ya mutu a kurkukun Tura a watan Mayu 2020 yana da shekara 24, ba a ko yi masa shari'a ba.

Ran 1 ga watan Yuni 2024, 'yan watanni bayan an karya darajar fam an kuma ƙulla yarjejeniyar rancen dala biliyan 8 da Asusun Ba da Lamuni, Gwamnatin Shugaba Abdul Fattah al-Sisi ta ɗaga farashin gurasar rangwame daga ƙirshi 5 zuwa 20. Wannan shi ne ƙari na farko cikin shekara fiye da 30, ya kuma shafi mutum wajen miliyan 70 da ke karɓar gurasa 5 kowace rana da katin hukuma. Titunan Hilwan da Mahalla suka kwana shiru. Masu mulki na iya ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa jama'a sun fahimci lissafi. Sai dai tarihin ƙasar ya isa ya sa su yi hattara, domin Nasir ya ji irin shirun nan kafin Fabrairun 1968, Sadat ya ji shi har daren 17 ga Janairu, Mubarak kuwa ya shekara 29 yana jinsa. A duk lokutan nan akwai abin da ake rerawa a ɗakunan bayan gida wanda rahoton 'yan sandan ciki ya ɗauka raha ce kawai.